Buta ɗaya, zane iri biyu

Masu koyon zane, ku ajiye fenti tukuna. Ku ɗauki fensir mai ɗan laushi wanda aka rubuta 2B a jikinsa, ku ajiye butar shayi kusa da taga, ku zana ta yadda take. Wajen awo, ku miƙe hannu sosai, ku rufe ido ɗaya, ku gwada tsayinta da faɗinta da fensirin. Da zarar gwiwar hannu ta lanƙwashe, awon ya ɓaci. Inuwa sai daga ƙarshe.

Sannan ku sake zana ta da da'ira da kusurwoyi kawai, irin adon bangon tsofaffin gidajen Zariya, da kala uku: ja, shuɗi, rawaya. Kada ku cakuɗa ukun wuri guda, launin laka za ku samu. Fentin akirilik kuwa, wato wanda ake sirkawa da ruwa mai saurin bushewa, yana ƙara duhu in ya bushe, don haka ku ɗan ƙara masa fari tun wajen haɗi.