Kafin ka ce a yi wa tsohuwar kwamfutarka fomatin

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke shagunan buga takardu na Farin Gada da Titin Bauchi a nan Jos na hannu ne, Dell da HP da suka sha aiki a ofisoshin ƙasashen waje kafin su iso mana. Suna da ƙwari, amma da zarar ɗaya ta ƙi tashi ko ta ƙi shiga intanet, sai ka ji an ce a yi mata fomatin, wato a goge komai a sake sa Windows. Wannan kuskuren ya fi kowanne ba ni takaici, domin ta haka furojet ɗin ɗalibai ke salwanta, alhali sau da yawa ciwon ba a cikin Windows yake ba.

Fara da ɗan batirin CMOS da ke riƙe agogo da saitin kwamfuta idan tana kashe, mai kama da kwabo, lambarsa CR2032. Idan ya mutu, BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, takan manta saitinta, kwanan wata ya koma shekarun baya, kullum kwamfutar tana neman a danna F1. Mutane sai su danna su wuce, ba su san wahalar da ke biye ba. Agogon da ya koma baya yana sa burauza ta ƙi buɗe shafuka, sai a ɗora laifin a kan data. Wani lokacin kuma saitin SATA, wato yadda kwamfuta ke magana da had dis, ne ke sauka daga tsarin AHCI ya koma tsohon tsarin IDE, Windows 7 ta fito da shuɗin allo mai lamba 0x0000007B. Sauya batirin, ka shiga BIOS da F2 a Dell ko F10 a HP, ka gyara kwanan wata, ka mayar da SATA yadda yake a da.

Sai saƙon PXE-E61 da ke cewa a duba kebul. Wasu har sabon kebul suke saya, wasu su yanke cewa katin netwok ya ƙone. Lafiyarsa ƙalau. Kwamfutar ce ta nemi had dis ba ta samu ba, ko kuma an sa netwok a gaba a jerin wuraren da BIOS ke dubawa don tayar da kwamfuta, kamar yadda ake yi a manyan ofisoshi. Duba ko BIOS na ganin had dis ɗin. In tana gani, ɗauko shi ka sa a farko. In ba ta gani, cire wuta, ka zare wayarsa ka sake sokawa da kyau. Amma idan ka ji yana ƙas-ƙas, kashe ta nan take, ka nemi mai ceto fayil.

Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke shiga ramin RAM, kwamfutar ta yi ta ƙara allo baƙi ƙirin. Cire RAM ɗin, goge haƙoransa masu ruwan zinariya da kilina, wato robar goge fensir, ka hura ramin da bulowa. Ban da baki, ban da jiƙaƙƙen tsumma.

A ɓangaren netwok, wanda ya riga ya yi fomatin yakan tarar babu direban katin, wato manhajar da ke sa katin netwok aiki, alamar rawaya na tsaye a Device Manager, inda Windows ke jera sassan kwamfuta. Shi ya sa ake sauke direban a filash tun kafin a taɓa komai. Idan direban na nan, buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni a Windows, ka rubuta ipconfig ka ga adireshin netwok da kwamfutar ta samu. Wanda ya fara da 169.254 yana nufin rauta, na'urar da ke raba intanet, ba ta ba ta adireshi ba, don haka kebul da rautar za ka bincika. Akwai kuma masu zuwa da tsohon adireshin da aka kafe musu da hannu, sai an gyara saitin adireshin, wato IPv4, kwamfutar ta riƙa karɓa da kanta.

Tsohuwar laftof da ta ƙi ganin hosfot ɗin waya kuwa, galibi katinta 2.4 GHz kaɗai ya sani. Shiga saitin hosfot ka sauke shi daga 5 GHz, tsaron ma ka mayar da shi WPA2. Ka kuma shafa gefen laftof ɗin, wasu na da ɗan makunnin Wi-Fi da kan goce a cikin jaka.