Kurakuran da masu kiwon tarwaɗa ke yi da zogale da tafarnuwa a abincin kifi

Tunda buhun abincin kifi ya yi tashin gwauron zabi kowa ya koma neman dabara, wannan ya ce zogale, wancan ya ce tafarnuwa da citta, wani kuma shuwaka yake jiƙawa. Kuma fa suna da amfani, tafarnuwa da citta suna taimaka wa garkuwar jikin kifi, zogale kuma akwai furotin da bitamin. Yadda ake zuba su ɗin ne matsalar, kuma wallahi abin yana damuna don kuɗin mutane ne ke narkewa a ruwa.

Babban kuskuren shi ne mutum ya mai da ganye abinci. Tarwaɗa ba akuya ba ce, tana buƙatar furotin wajen kashi 40 cikin 100 musamman tana ƙarama, wannan kuwa daga garin kifi da waken soya da tunkuza yake fitowa. Sai ka ga an rage garin kifi an cika garin zogale wai don a rage kashe kuɗi, alhali ganyen yana da sinadaran tanin da safonin da dusa mai yawa waɗanda ke hana kifi narkar da abinci yadda ya kamata, sai ya yi ta ci ba ya girma, wata huɗu kana ciyarwa kifi na nan kamar jiya. In za ka saka zogale kar ya wuce kashi 10 cikin 100 na haɗin, 'ya'yan kifi kuwa ka rage sosai.

Sai awo da hannu ko da gwangwani. Don Allah ka sayi ɗan sikeli. Garin tafarnuwa giram 10 a kilo ɗaya ya isa a fara da shi, wato giram 150 kenan a buhu mai kilo 15. In ka zabga da yawa kifin ma ƙin cin abincin zai yi.

Wasu kuma barbaɗa garin suke a kan abincin haka a bushe, yana taɓa ruwa ya wanke, kifi bai samu ba ruwa kuma ya ɓaci. Ka kwaɓa garin da ɗan man girki kaɗan, ka cakuɗa da abincin sosai har ya manne, ka baza a inuwa ya sha iska. Kuma na kwana biyu ko uku za ka haɗa, ba na wata guda ba, don abinci mai danshi yana yin fumfuna, ita kuwa fumfuna guba take fitarwa mai lalata hantar kifi. Zafi ma yana kashe alisin, sinadarin da ke aiki a tafarnuwa, saboda haka kar ka dafa ta cikin haɗin. Zogalen ma a inuwa ake shanya shi.

Darbejiya kam a yi hattara. Ruwan ganyenta in ya yi ƙarfi yana kashe kifi, 'ya'yan kifi su ne farkon tafiya.

Wanda ya fi min ciwo shi ne mai barin ruwa ya yi wari, kashi da ragowar abinci sun taru amoniya, wato gubar da suke fitarwa a ruwa, ta hau, kifi na ta hawowa sama yana haki, shi kuma yana can yana daka tafarnuwa. Sauya ruwan tukuna malam, ka rage cunkoso a tankin. In kuwa gyambo ya fito a jikinsu suna mutuwa kullum, kifin da ba shi da lafiya ba ya ma cin abinci balle ganyen ya shiga cikinsa, ka ware marasa lafiyan ka nemo likitan dabbobi ko masanin kifi ya duba.

Kuma kar ka gwada sabon haɗi a duk tankunanka lokaci ɗaya. Ware tankuna biyu masu kifi sa'annin juna, ɗaya da ganye ɗaya babu, duk sati biyu ka ɗebi guda 20 a kowanne ka ɗora a sikeli ka rubuta a littafi tare da adadin da suka mutu. Bayan sati takwas ka duba littafin kafin ka zuba wa sauran.