Yadda za ku je tsibirin Bali na Indonesiya da kyamarar fim

Tun da muka dawo ni da maigida ake ta tambayata ya muka yi da fim ɗin ɗaukar hoto, to ga shi.

1. Ku sayi fim tun a gida, Kodak Gold 200 ya isa tunda garin akwai rana.
2. Ku zuba shi a jakar hannu. Hattara, kar ya shiga babban akwati, na'urar da ke haska akwatunan tana ƙona fim.
3. A filin jirgi ku roƙi a duba fim ɗin da hannu, ba da na'ura ba.
4. Bakin teku ku canza fim a inuwa, yashi mugu ne wallahi.
5. Haikalin Uluwatu ku riƙe kyamara gam, birai na fizge kaya.
6. Ku naɗe fim tsaf kafin ku buɗe murfin baya.