Yadda ake yankan latas da lansir da injin hannu a ƙaramin lambu

Masu lambu a gefen birnin Kano sun san cewa babu aikin da ya kai yankan ƙananan ganye cin lokaci, domin mutum zai durƙusa da wuƙa tun da asuba, kuma kafin ya gama fangali uku rana ta ɗaga, abin da ya fara yanka ya soma yaushi. Saboda haka ne wasu suka fara sayen ɗan injin hannu na yankan ganye. Wanda ya fi shahara shi ne Quick Cut Greens Harvester na kamfanin Farmer's Friend da ke jihar Tenesi ta Amurka, wanda wani ɗan manoma mai suna Jonathan Dysinger ya ƙirƙira tun yana matashi. Ginin nasa ba shi da wuyar ganewa. A ƙasa akwai wuƙa mai haƙora da take kai-komo, a samanta akwai wani ƙarfe mai juyawa da aka ɗaura wa igiyoyi, su ne suke share ganyen da aka yanka zuwa cikin jakar da ke baya. Ba ya shan fetur, domin abin da ke motsa shi shi ne injin huda katako mai batir, irin wanda kafintoci suke riƙewa. Faɗin abin da yake yanka a tafiya ɗaya kusan santimita 38 ne.

Kafin a kashe kuɗi, sai a san wa za a sayar wa. Mai kai latas da kansa da saiwarsa ga dillalan kasuwar 'Yankaba ba shi da abin yi da wannan inji, domin cira yake yi ba yanka ba. Injin na mai noman lansir ne, da alayyahu ƙarami, da latas ɗin da ake yanka tun bai naɗe kai ba, wanda otal-otal da gidajen abinci da manyan kantuna suke saye. Da dala ake sayensa, ga kuɗin dako da na kwastan, shi ya sa a ganina ya fi dacewa maƙwabtan lambu uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sayi ɗaya, su raba ranakun yanka a tsakaninsu.

Matakin farko shi ne gyaran wurin shuka, kuma a nan ne na ga yawancin sababbin masu injin suna faɗuwa. Sukan kawo shi kan fangalin da suka saba, mai kusurwa huɗu, wanda ya nutse ƙasa kuma kunya ta kewaye shi, sai su tarar wuƙar ba ta shiga gefe-gefe, a tsakiya kuma tana cin ƙasa a tudu tana tsallake ganye a kwari. Daga nan sai su ce injin bai dace da ƙasarmu ba, su jingine shi a ɗaki. Hannun mutum yana bin tudu da kwari ba tare da ya sani ba, amma wuƙar inji miƙaƙƙiya ce, kamar injin aski a kan da yake da ƙulu, inda ya yi tudu ne take fara ci. Don haka dole a sauya fasalin wurin. A ja igiya tsakanin turaku, a fitar da doguwar shimfiɗa mai faɗin santimita 75, wato tafiya biyu ta injin, zuwa da dawowa, a bar hanyar ƙafa a kowane gefe wadda mutum zai bi ba tare da ya taka shuka ba. Kada shimfiɗar ta nutse ƙasa da hanyar. Ta ɗan ɗara ta da kamar yatsu uku ko huɗu ya isa, domin idan aka ɗaga ta da yawa iskar hunturu za ta busar da ita kafin la'asar.

Bayan an yi kaftu da fartanya, a farfasa duk wani dunƙulen ƙasa, a bi da manjagara, sannan a samo miƙaƙƙen katako wanda ya ɗan fi faɗin shimfiɗar, mutum biyu su ja shi daga wannan kai zuwa wancan. Ido yana yaudara a wannan aikin, saboda haka a bar ruwa ya yi hukunci: a yayyafa shi sosai har ya fara kwanciya, a tsaya a duba. Inda ya taru kwari ne, a cike shi da ƙasa mai laushi, inda kuma ya fara bushewa tudu ne, a rage shi. A sake jan katako, a sake gwadawa da ruwa. Sau biyu ba ya yin yawa. Daga ƙarshe a kwantar da katakon a daddanna ƙasar da shi, domin ƙasar da aka bari a sake takan zauna bayan ban ruwa na farko, kuma ba daidai take zama ba.

Sai maganar taki, wadda ta shafi Kano fiye da wurare da dama. Lambuna da yawa a nan da takin bola suke aiki, kuma kowa ya san abin da ke cikinsa: leda, fasassun kwalabe, ƙusoshi, marafan lemo. Ƙusa ɗaya ta isa ta karya haƙoran wuƙar da ba a sayar da irinta a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, kuma ɓallin kwalba ɗaya a cikin ganyen da za a ci ɗanye ya isa ya raba mutum da mai saye har abada. Duk takin da zai shiga wannan shimfiɗa a tankaɗe shi da raga irin ta masu tankaɗe yashi. Kashin kaji ko na shanu kuma sai wanda ya ruɓe sarai, domin ganyen ba dafa shi za a yi ba.

Kada a yi gaggawar shuka da zarar wuri ya daidaita. A yi ta ba shi ruwa babu iri na tsawon kwana 7 zuwa 10, ciyawa ta fito, a kankare ta sama-sama ba tare da an juya ƙasa ba, don kada a tono wani sabon irin ciyawar daga ciki. Dalili shi ne injin ba ya zaɓe. Mai wuƙa yana ganin fasa-ƙaba ya kauce mata, shi kuwa injin duk abin da ya tsaya a gabansa jaka zai tura shi, kuma lokacin da aka samu a wajen yanka sai ya ƙare a wajen tsince ciyawa. Wurin da ƙiri-ƙiri ko aya-aya suka kama, a bar shi ga wani amfanin gona, domin waɗannan daga ƙarƙashin ƙasa suke dawowa.

Shuka kuma a layi ake yinta, layuka kusa da juna, tazarar kamar yatsu uku, kuma a cika iri fiye da yadda aka saba. Ganyen da ya matsu da ɗan'uwansa miƙewa yake yi sama, wanda kuwa ya samu fili sai ya baje a ƙasa inda wuƙa ba ta isa gare shi. Ban yarda da watsa iri da hannu ba a wannan aikin, ko da mutum gwani ne. Kowace shimfiɗa a shuka mata abu ɗaya kawai, domin lansir yana riga latas isa yanka, kuma idan aka gauraya su ɗaya zai tsufa kafin ɗayan ya kai. Lokacin latas a Kano daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Irinsa yana ƙin tsirowa idan zafin ƙasa ya kai wajen digiri 30, kuma da zafin Maris ya shigo ganyen yakan yi ɗaci. A riƙa shuka shimfiɗa ɗaya ko biyu kowane mako maimakon a shuka lambun duka rana ɗaya. Ban ruwa da yayyafi za a yi, da butar lambu ko da tiyo mai kai, domin sakin ruwa daga bakin injin ban ruwa yana rusa daidaiton da aka sha wahalar samu, yana kuma fesa wa ganye laka.

Latas yakan isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, idan tsayinsa ya kai santimita 8 zuwa 10, lansir kuma kafin haka. A tsayar da ban ruwa kwana ɗaya kafin yanka, ƙasa ta yi ƙarfi, ganye ya bushe, saboda jiƙaƙƙen ganye manne wa igiyoyin yake yi yana dagargajewa. A caja batir tun dare, kuma da yadda wutar lantarki take, batir na biyu wajibi ne. Ana fitowa bayan sallar asuba, gari ya waye amma rana ba ta taɓa ganye ba.

Kafin a shiga shuka, a ɗaga injin sama a danna, a tabbatar igiyoyin suna sharowa zuwa jaka, idan baya suke yi a juya makunnin injin hudar. Sai a kunna shi ya kama gudu tukuna, sannan a shigar da wuƙar cikin ganye. A yanka tsawon kamu biyu kawai, a tsaya, a durƙusa a duba. Abin da ake so shi ne a bar kututture mai tsayin yatsu biyu, wato santimita 2 zuwa 3, yadda zuciyar tsiron da sabon ganye yake fitowa daga cikinta ta tsira. Idan an yi ƙasa da haka ba zai sake tohowa ba, idan kuma an yi sama da yawa, rabin ganye ne za a kwasa. Injin ba shi da taya, hannu ne yake riƙe tsayinsa, don haka ido ya tsaya a bakin wuƙa. Sababbin shiga sukan tsaya kallon jakar suna murna tana cika, a nan ne hannu yake saki wuƙa ta nutse. A yi tafiya a natse da taki ɗaya, a kuma juye jakar tun ba ta wuce rabi ba, domin nauyinta yana karkatar da injin, ganyen da ke ƙasan jakar kuma yana murƙushewa.

Ganyen da aka yanka ba ya jira. A kai shi inuwa nan take, a tsoma a ruwan sanyi mai tsabta na rijiya ko na burtsatse, ba na kwata ko na rafin Jakara ba, a tsane shi sosai, a zuba a kwando a rufe da jiƙaƙƙen buhu, ya isa hannun mai saye kafin hantsi. Ita kuma shimfiɗar a bi ta da manjagara a hankali a kwashe guntayen da suka zube don kada su ruɓe a kan kututture, a ba ta ruwa. Cikin kwana 10 zuwa 14 za a sake yanka, a ɗan ɗaga wuƙa sama da wurin yankan farko. Wasu suna kai wa yanka na uku, amma ni a na biyu nake tsayawa, domin na uku yakan yi tauri.

Wajen wanke injin, a fara cire batir kafin hannu ya kusanci wuƙa. Latas yana fitar da farin ruwa mai danƙo wanda idan ya bushe a haƙoran yake hana su gudu, saboda haka a wanke da ruwa da burushi a ranar, a shanya jakar, a shafa wa wuƙar man gyaɗa kaɗan maimakon baƙin mai tunda abinci take taɓawa, sannan a rufe injin hudar a cikin buhu saboda ƙurar hunturu.