Masu sa ido a gaɓar teku, ku daina awo daga bakin ruwa

Duk sabon ɗan sa kai da aka miƙa wa igiyar awon zaizayar gaɓa, bakin ruwa yake nufa. Na faɗa har na gaji: ruwa ba shaida ba ne. A yawancin gaɓoɓi teku takan ciko ta janye sau biyu a kwana guda, tsakanin wata cikowa da mai bi mata kusan awa 12 da minti 25, kuma a tsayuwar wata da tsakiyarsa cikowar ta fi ƙarfi. Mai awon safe da mai awon la'asar kowa da lambar da zai kawo, alhali gaɓar tana nan inda take. Daga abin da ba ya motsi ake farawa, turke can bayan tudun yashi ko kusurwar gini, a ja igiya zuwa leɓen gangaren da ruwa ke ci, ko inda ciyawa ta ƙare.

Turken ma ɗaya bai isa ba. Wani yaro mai himma a cikinmu ya tarar namu ya karkace, ya tumɓuke shi ya kafa inda ya ga ya fi kyau, bai gaya wa kowa ba. Sai ga lissafi na nuna gaɓa ta ƙaru, mu kuwa da idonmu muna kallon saiwoyin itatuwa a waje. Duk awon da muka yi bayan nan ya tashi a banza. Haba! Ka taɓa turke ka yi shiru? Yanzu biyu nake kafawa, ɗaya bayan ɗaya, in rubuta tazararsu a bangon littafi. Wasu sun ce GPS na waya ya wadatar. Ni ban yarda ba, kuskurensa yakan kai mita da yawa, fiye da zaizayar shekara guda a gaɓoɓi da dama.

Sai masu gaggawar shara. Su cika buhuna, su ɗauki hoto, a tambaye su me ke ciki su ce “robobi”. Wace roba? Murfin kwalba daban, guntun ragar masunta daban, domin kowanne da inda ya fito, kuma asalin ake nema a toshe. A ƙirga, a rubuta, sannan a kwashe. Kada kuma a riƙa bin inda ya fi ƙazanta. Tsarin ƙirga shara na OSPAR, yarjejeniyar ƙasashen Turai ta kare arewa maso gabashin tekun Atlantika, mita 100 na gaɓa yake warewa, a koma wa wurin nan sau 4 a shekara. Nauyi kaɗai ruɗi ne: tsohuwar taya ɗaya ta rinjayi guntayen sigari dubu, ga shi matatar sigari ita ma roba ce, kuma tana sahun gaba cikin abin da ake tsinta a gaɓoɓin duniya.

Guguwa ɗaya ta kwashe yashi, kada ka ruga kana shelar zaizaya. Sau da yawa yashin na nan kwance a cikin ruwa kusa, lokacin lumana ya dawo. Gwada watan bana da irinsa na bara.

Ranar da ba ka samu komai ba, rubuta sifili, kada ka bar gurbi. Hoto daga wuri ɗaya, tsayi ɗaya. Sirinji da fasasshen gilashi ba a jefa su a buhu. Kada ka tsaya ƙarƙashin gangaren da ruwa ya rarake, kuma ka duba jadawalin cikowa tun kafin ka fito.