Yadda Za Ka Zaunar Da Kifin Duwatsu A Gida

Mbuna kifi ne ɗan Tafkin Malawi, rayuwarsa duk a ramukan duwatsu take. Mai ruwan ɗorawa a cikinsu yana da kunya, in bai samu maɓoya ba ko abinci ba zai kalla ba.

Fara samo akwatin gilashi mai cin lita 200, ka ajiye shi nesa da taga. Zafin Legas ya ishe shi. Ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 28 kifin yake so.

Wanke duwatsun da ruwa zalla, ban da sabulu. Jera su a gindin akwatin tukuna, sannan ka zuba yashi. Kifin nan gwanin tono ne: ni da na ɗora nawa kan yashi a ɗakina na Agege, na wayi gari dutse ya rufta. Bar ramuka da yawa, fiye da adadin kifin, kowa da ɗakinsa.

Sai ruwa. Auna pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa, ana son 7.8 zuwa 8.6. In na rijiyar burtsatse ya gaza haka, zuba dakakken ɓawon kodi cikin matatar ruwan, wato na'urar da ke tace ruwan akwatin. Kunna ta ta yi makonni huɗu, kana ɗan barbaɗa abincin kifi don ƙwayoyin halittar da ke tsabtace ruwa su hayayyafa a cikinta, kafin ka kawo kifin. Tanadi famfon iska mai batir saboda ɗauke wuta.

Ranar da suka iso, ɗora ledarsu kan ruwan minti 15, kashe fitila, ka sake su. Kwana biyu ba za ka ga komai ba sai ɗan hanci yana leƙe, kada ka ƙwanƙwasa gilashin. Abinci kaɗan-kaɗan, mai ganye. Duk mako canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan.