Yadda za ka fahimci tsarin darussanka a jami'o'in Saudiyya kafin rajista

Idan Allah ya ba ka gurbi a Jami'ar Musulunci ta Madina ko Ummul Ƙura a Makka, kada ka yi rajistar ko madda ɗaya, wato kwas, sai ka samu takardar da ake kira khuɗɗa dirasiyya, wato tsarin karatun sashenka. Tana shafin jami'a na intanet, kuma a ofishin sashe ma ana bayarwa.

Da farko ka raba maddojin gida uku: waɗanda jami'a ta wajabta wa kowa, na kulliya, wato tsangayarka, sai na sashenka. Kowace madda tana da lamba da adadin sa'o'inta, kuma an jera su mustawa bayan mustawa, wato mataki bayan mataki.

Daga nan ka sa ido kan layin da aka rubuta mutaɗallab sabiƙ. Nan ne wurin da yawancin 'yan'uwanmu ke tuntuɓe. Ma'anarsa maddar da sai ka ci ta kafin a buɗe maka ta gaba. Ba za a ba ka Nahawu 2 ba sai ka ci Nahawu 1, haka Fiƙihu, haka lissafi ga masu karatun injiniya. Ka ɗauki biro ka ja layi daga kowace madda zuwa wadda ta rataya a kanta. Za ka ga wata ba abin da ya biyo ta, wata kuwa maddoji uku ko huɗu ne ke jiran ta. Irin wannan ta biyun ita ce za ka fi ba ƙarfi, domin faɗuwa a cikinta kan ja mutum baya zango guda ko ma shekara, musamman idan ba kowane zango ake koyar da ita ba. Kuma mukafa'a, wato alawus ɗin da ɗalibi ke karɓa duk wata, tana ɗaure da wa'adin karatun da aka tsara.

Akwai kuma mutaɗallab mutazamin: wannan madda ce da ake ɗauka tare da wadda ta rataya a kanta a zango ɗaya.

Kafin makon hazafi da idafa, wato makon cire madda ko ƙara ta, ya wuce, je wurin murshidinka, malamin da ke ba ka shawara kan karatu, da jadawalin a hannu, ka ce: "Ya Dakta, idan na ajiye wannan, me za ta toshe mini?" Shawarar tsofaffin ɗalibai a masauki tana da amfani, amma ana sauya khuɗɗa, ta yiwu tasu ba ita ce taka ba.

Sai halartar aji. Wanda zuwansa ya gaza kason da jami'arsa ta ƙayyade ana yi masa hirmani, a hana shi jarrabawar ƙarshe, maddar ta zama faɗuwa. Makin ci yana farawa daga 60. Don haka idan Umara ko baƙi daga gida za su sa ka fashi, ka lissafa kwanakin tukuna, kuma kada fashin ya faɗa kan maddar da wasu ke jira.